Baƙar Rigar Kyaftin Sabri

Laraba, bayan la'asar, a shago

Na huɗu. Kusan mako ke nan da gasar iyon, amma ko injin kwalekwale nake kwancewa sai in ji kamar wani na raɗa min a kunne: na huɗu. Mutum uku ake ɗauka zuwa gasar ƙasa. Ukun da suka riga ni duk 'ya'yan kulob ne, kowanne cikin baƙar rigar roba tun daga wuya har idon sawu, suna yawo a kan ruwa kamar kwalaben da aka toshe wa baki. Ni kuwa fata da kitse, yadda Kyaftin Sabri ya koya mana. Da muka doshi ƙarshe yatsuna suka ƙi haɗuwa don sanyi, ina dukan teku da hannu a warwatse kamar tsintsiya.

Kafin a fara, wani cikin alƙalan gasar ya ce akwai riga ta aro in ina so. Na ce masa ni a duwatsun Sidi Bishr na koyi iyo, ba a kududdufin kulob ba. Na waiwaya in ga ko Kyaftin ya ji. Ya ji. Bai yi dariya ba, takalminsa ya tsaya kallo.

To me yake so in ce? Shi ya ɗora mu a kan haka. Ina ɗan shekara sha ɗaya, shekarar da babana ya rasu, ya gan ni ina fantsama a bakin ruwa ya ce in zo ranar Juma'a. Tun daga nan duk Juma'a bayan asuba muke fita daga duwatsu zuwa tsibiri mu dawo, da zafi da sanyi, tsofaffi da ni. Dokar ɗaya ce: gajeren wando da kitse. Duk wanda ya zo da roba a jiki, Kyaftin kan tambaye shi daga wace mota ya ciro tayar.

Bana dai shi kansa bai jiƙa ƙafa ba tun shigowar sanyi. A kwalekwale yake bin mu da usur. Wai kafaɗa.

Akwai wata damar a watan Maris. Ruwan Maris bai fi na yanzu ɗumi ba.

Kuma wani ɗan banza ya ɗauke min shuɗiyar rigata a rumfar shayin Kawu Girgis. Rigar da hannunta ya yage. Iskandariya ta lalace.

Juma'a, azahar

Kyaftin yana asibiti. Ba su bar ni na wuce ƙofa ba. Ban je masallaci ba.

Juma'a, bayan magariba

Zan rubuta yadda aka yi, don gobe kowa zai ƙara nasa gishirin.

Muna kan duwatsu muna shafa kitse sai ga shi ya fito daga bayan rumfar Kawu Girgis cikin baƙar rigar roba. Kyaftin Sabri. Ta matse shi, tumbi a gaba, baya kuma a buɗe kamar kifin da aka tsaga. Tsofaffi suka kwashe da dariya, shi ma yana yi. Wani ya ce, "Daga wace mota, Kyaftin?" Ya ce, "Babbar mota ce, mai ɗaukar siminti."

Ya wuce kowa ya zo gabana, ya juya min baya. Ya ce, "Wagdi, ɗana, ja min wannan abin."

Na faɗi wata magana.

Ya ɗan jima a tsaye da bayansa a buɗe. Sannan ya tuɓe ta a hankali, ya ninke, ya ajiye a kan dutse, ya ce a miƙo masa gwangwanin kitse. Kawu Girgis ya fito daga rumfa yana cewa, "Sabri, kada ka yi. Sabri." Bai ko kalle shi ba. Shi ya fara shiga.

Wallahi ban taɓa ganin hannunsa yana yanka ruwa da kyau irin na yau ba. Ina biye da shi, ina jin haushin kyan. Saura kaɗan mu taɓa tsibiri sai hannun ya daina fitowa.

Ni na riƙe haɓarsa har kwalekwale ya iso. A rubuta wannan ma.

Rigar tana wurina. Kowa ya bi motar asibiti, aka bar ta a kan dutse.

Ni ban ce ya shiga ba.

Asabar, da safe

Umma ta ajiye min ful, dafaffen wake, da burodi. Na ce ba na ci. Ta ce, "Bakin naka ya ƙoshi jiya, ko?" Ashe har unguwarmu ta ji.

Lahadi, bayan la'asar

Na sami Yaya Tahani, 'yarsa, a barandar asibiti. Ma'aikaciyar jinya ce, ita ce ke ɗinke min gira in na fasa a dutse ina yaro. Yau ko gaisuwata ba ta amsa ba.

Na ce, "Yaya jikin nasa?"

Ta ce, "Zuciya ce ta fara, sannan jini ya toshe a ka. Gefen dama ba ya motsi. Ka san tun watan Oktoba likita ya hana shi ruwan sanyi?"

Na ce kafaɗa ya ce mana.

"Kafaɗa ya ce maka. Don ya ce in ka sani za ka bar gasa ka zauna gadinsa kamar kaza a kan ƙwai."

Na ce to laifin wa? Mutum ya ɓoye ciwo, sannan a ce... Ban ƙarasa ba, don yadda ta dube ni.

Ta ce, "Wagdi, kada ka sake zuwa. Ba don fushi kawai ba. In ya gan ka zai so ya miƙe zaune ya nuna maka shi namiji ne, kuma ba zai iya ba."

Na tambaye ta ko ya ambace ni. Ta ce ba ya magana tukuna.

Shekara goma sha biyu ban taɓa yin mako ban ga mutumin nan ba. Abin da nake so ke nan, in tsaya a gabansa ya zage ni. Ya ce min jaki, yadda yake cewa in na ɗaga kai da yawa wajen shan iska. In ya tashi ya ce ba ya son ganina, ban san wace Juma'a zan yi ba.

Litinin, da hantsi

Ni ban ce ya shiga ba. Mutum goma sha uku ne a kan dutsen nan, duk masu furfura, ba wanda ya riƙe hannunsa. Amma ni kaɗai ake zargi.

Talata, bayan isha'i

Rigar ta fara wari a cikin leda. Na wanke ta da ruwan famfo, ciki da waje, na shanya a soro cikin inuwa. Umma ta ce a baranda rana ta fi. Na ce rana na busar da roba ta tsage. Ta ce, "Yaushe ka zama malamin taya?" Ban san inda na ji ba. Wataƙila a bakin 'yan kulob ɗin da nake zagi.

Akwai wani tsohon littafin kiwon lafiya da na saya a wurin masu sayar da littattafai a kan titi, bangonsa ya ɓace. Ni da na bar makaranta a aji huɗu, na ƙarasa koyon karatu a jaridun da ake naɗe ta'amiya, ƙosanmu na nan, na zauna da yatsa ina bin babin zuciya. Ya ce ruwan sanyi na tsuke jijiyoyi farat ɗaya, zuciya ta yi ta turawa kamar mai tura ƙofar da aka danne. Na karanta sau uku. Na jefar da shi bayan kabad. Na sake ɗaukowa.

Alhamis, da rana

Guguwar hunturu ta sauko. Teku na tsallake titi, masunta duk sun ja jiragensu kan tudu. Gobe babu fita. Na ji daɗi, na kuma ji kunyar jin daɗin.

Asabar, da yamma

Na yi wa wani mai kwalekwale rashin kunya a shago saboda ya ce "Allah Ya ba Kyaftin lafiya" da wata irin murya. Maigidana ya ce in tafi gida in huce. Wataƙila muryar mutumin ke nan tun haihuwarsa.

Litinin, bayan azahar

Na je rumfar Kawu Girgis. Tun ranar ban bi ta wurin ba. Yana goge kofuna, gicciyen da ke zane a wuyan hannunsa na leƙowa. Ya zuba min shayi ba tare da ya tambaya ba, bai sa sukari ba.

Na ce, "Kawu, ka manta sukari."

Ya ce, "Ban manta ba."

Na sha haka nan. Na fara yi masa bayani, cewa shekara da shekaru ana hana mu abu, na rasa gurbi saboda shi, sannan a wayi gari mai dokar ya fito da ita a jiki ko kunya babu. Ya bar ni na yi ta zuba.

Sai ya ce, "Maimaita min abin da ka ce masa. Kunnena ya tsufa, ina so in tabbatar."

Na ce ya riga ya ji.

"Maimaita, ɗan Ummu Wagdi. Ai bakinka ba ya gajiya."

Na maimaita. Tun da na faɗa masa, bari in rubuta a nan ma. Cewa na yi: "Shekara goma sha biyu kana sa mu muna karkarwa, ashe jira kake sanyi ya taɓa naka ƙashin. Je ka 'yarka ta ja maka, ita ta saba sa wa tsofaffi kaya. Ko ka koma kwalekwalenka ka busa usur."

A bakina ranar nan ta yi daɗi. Har wani ya yi dariya kafin ya gane.

Kawu Girgis ya sunkuya ƙarƙashin kanta ya ciro wani abu ya jefa min a cinya. Shuɗiyar rigata.

Ya ce, "Ga ɓarawonka. Da ita ya je kantin masu nutso aka auna. Ni na raka shi, muka hau tarago, yana ta tsinuwa wai ya tsufa yana sayen taya."

Ban gane ba, ko kuma ban so in gane ba.

"Kai jaki ne da gaske, ashe ba zagi ba ne. Ka ga rigar ta rufu a bayansa? Ta yaya za ta rufu, ƙirjinsa biyun naka ne? Ya ce min, 'Girgis, na cuci yaron nan. Ba zai taɓa sa ta ba muddin bai gan ta a jikina ba. Zan sa, in shiga ruwa iya gwiwa a gaban kowa, su yi dariyarsu su gama. Sannan in ce ta matse ni, in jefa masa.' Iya gwiwa, Wagdi. Har ya yi wa Tahani rantsuwa."

Na ce me ya hana shi faɗa min kai tsaye kamar mutum.

Ya ce, "Da ya faɗa, me za ka ce?"

Na san abin da zan ce. Zan tambaye shi daga wace mota.

Litinin, magariba

Ban iya taɓa baƙar rigar ba.

Laraba, da sassafe

Na sa ta. Na rufe ɗaki na sa leda a ƙafa don ta zame, yadda na ga 'yan kulob na yi. Akwai doguwar igiya a jikin zif ɗin, in ka miƙa hannu ta bayan wuya sai ka ja da kanka. Ya tafi sumul har sama. Ko yatsa ba ya shiga tsakanin robar da fatata. Hannun ma daidai, har da tsawon da hannuna na dama ya fi na hagu, ban sani ba ko sa'a ce.

Umma ta buga ƙofa ta ce lafiya ta ji shiru. Na ce lafiya. Na zauna a bakin gado cikinta har gumi ya taru a ƙafafuna.

Juma'a, bayan asuba

Ban je duwatsu ba. An ce mutum biyar ne suka fita, babu mai usur.

Lahadi, da rana

Yau na shiga kududdufi. Akwai wurin ninkaya a cibiyar matasa, mai gadin ruwan abokin wasana ne tun yarinta, ya ce in zo lokacin da babu kowa. Ashe akwai kowa: yara 'yan koyo guda takwas da iyayensu mata a kan benci. Na fito baƙi ƙirin, wani yaro ya tambayi uwarsa ko na zo gyaran famfo ne.

Ban ce masa komai ba. A rubuta wannan.

Iyo da ita wani iyo ne daban. Tana ɗaga ƙafafu sama, kai ya nutse, duk abin da jikina ya sani ya karkace. Kafaɗa na jan roba a kowane bugu. Wuya ya saɓule min. Ga ruwan da ɗumi kamar miya, kafin rabin sa'a kaina ya fara juyawa, na fito na kwanta a kan tayil ina haki. Abokin nawa ya ce, "Zakaran Sidi Bishr ke nan?" Na ce eh, shi ne.

Da a ce na je gasar Maris da ita ban taɓa gwadawa ba, da na zo na goma. Kyaftin ya san haka. Shi ya sa ya kawo ta tun yanzu.

Na wanke ta sau biyu, maganin da suke zubawa a ruwan yana cin roba.

Talata

Kududdufi. Wuya na jini. Na shafa masa kitsen Kyaftin, ya yi amfani.

Alhamis, bayan la'asar

An sallame shi tun shekaranjiya, Kawu Girgis ya gaya min. Na je na tsaya a gaban gidansu, ƙetaren titi, wurin mai gasa dankali. Na sayi ɗaya don kada ya kore ni. Na sayi na biyu. Ina cikin na uku Yaya Tahani ta sauko da mayafi a kafaɗa.

Ta ce, "Za ka ƙarar wa mutumin da dankali."

Na ce ba shiga zan yi ba.

"Da ma ba za ka shiga ba."

Ta ce yana zama a kujera yanzu. Hannun dama ya tafi, ƙafar tana ja. Magana na fitowa amma da nauyi, sai wanda ya saba. Likita ya ce teku kam an gama, har abada. In ya yi ƙarfi, wataƙila ya riƙa taka ruwan ɗumi iya ƙugu, da mai riƙe shi.

Kyaftin Sabri a kududdufi, da mai riƙe shi. 

Na ce, "Ya ambace ni?"

Ta ce, "A'a."

Ta juya za ta tafi, sai ta tsaya. "Rigar ya tambaya. Na ce tana wurinka. Ya daɗe yana haɗa maganar, na ɗauka wani babban abu ne. Wai a gaya wa jakin a inuwa ake shanya ta."

Na ce ta gaya masa a soro take, ƙarƙashin tankin ruwa.

Ta ce, "Ni ba 'yar aikenku ba ce." Amma ta ji.

Asabar

Kududdufi. Na fara gane inda zan ajiye kaina.

Laraba, da yamma

Na je in rubuta abin da zan ce masa in na gan shi. Na cika shafi biyu na yage. Duk abin da na rubuta yana da daɗi a baki, kuma na daina yarda da abin da ke da daɗi a bakina.

Juma'a, da hantsi

Na koma duwatsu yau, da rigar a jaka. Na yi shirin tsofaffi su ci ni da dariya. Na shiga bayan rumfa na sa ta, na fito ina laluben igiyar zif, sai na ga kowa ya juya wajen titi. Tasi ce ta tsaya. Yaya Tahani ta fito, Kawu Girgis ya ruga da kujerar rumfarsa, su biyu suka sauko da shi suka zaunar, suka lulluɓe shi da bargo.

Ya rame. Gefen bakinsa ya zubo. Usur ɗin na rataye a wuyansa.

Tsofaffi suka yi ta sumbatar kansa. Ni na tsaya daga nesa da bayana a buɗe, iska na shiga. Ya dube ni daga wuya har ƙafa, ya daɗe. Leɓensa ya motsa, Yaya Tahani ta sunkuya ta saurara, ta ɗago.

Ta ce, "Wai daga wace mota."

Ba wanda ya yi dariya sai da na ce, "Keke ne, Kyaftin." Sannan suka yi.

Na matsa. Na buɗe baki, shafi biyun nan duk suka taso. Ya ɗaga hannun hagu ya hana ni. Wannan karon da kunnena na ji, ko da yake kamar da dutse a bakinsa:

"Juya."

Na juya, na durƙusa a kan dutse don ya kai. Igiyar na lilo a bayana, da na miƙa hannu da an gama cikin ƙiftawar ido. Na dafa gwiwoyina na bar hannuwana a can.

Ya kama kan zif ɗin. Ya kuɓuce masa. Ya sake kamawa. Da hagu yake yi, hannun da ko kofin shayi bai saba ɗauka da shi ba, kuma babu na biyun da zai riƙe ƙasan rigar, sai ta riƙa binsa sama. Ina jin numfashinsa a ƙeyata. Yaya Tahani ta ce, "Baba, bari in..." Ya yi wani gurnani, ta ja da baya. Haƙori ɗaya, haƙori biyu, ya huta. Gwiwoyina suka mutu a kan dutsen. Tsofaffi da kitse a jiki suna tsaye cikin iska, ba wanda ya ce sanyi.

Da ya kai wuya ya ɗan mare ni a ƙeya, marin da ba shi da ƙarfin kashe sauro.

Ya kai usur baki. Iska ta fita ta gefen leɓen da ya zubo, usur bai yi ƙara ba. Ya sake. Sai ya cire shi daga wuya ya miƙa wa Kawu Girgis, ya kawar da kai wajen tsibiri. Kawu ya busa, busar mai shayi.

Na shiga. Babu sanyi. Babu wannan sarar da ke ɗauke numfashi, wadda na sani tun ina ɗan sha ɗaya. Yatsuna a haɗe, ƙafafu a sama, na bar kowa a baya tun kafin rabin hanya.

Saura kaɗan a taɓa tsibiri, daidai wurin da hannunsa ya daina fitowa, na tsaya. Na sa yatsu biyu a wuyan rigar na ja, teku ta kwarara ciki har cibiya. Na bar ta ta yi abin da za ta yi.

Daga nan ana hango rumfa, da ɗan jan bargo a gabanta. Na san yana ƙirga bugun hannuna, kuma ya ga na tsaya. Na saki robar na ci gaba.